Wata biyar ina zagin kan jirgin nan, ashe ni ne ban yi lissafi ba

Salam 'yan'uwa. Jiya bayan isha'i ɗan ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa da nake haɗawa ya zagaye teburi sau goma sha ɗaya bai sauka daga layi ba, kuma karo na farko ke nan da Kawu ya dube shi bai ja tsaki ba, shi ya sa na ce yau sai na rubuto ko da ba a yi fenti ba. Har yanzu tukunyar fara fat take kamar fayif ɗin wayarin, to ai fayif ɗin wayarin ɗin ne ma, zan zo kan wannan.

Waɗanda munka daɗe tare sun san abin da nake bi. Kawuna ya yi aikin reluwe a Zariya, shi ne mai zuba kwal a wuta, kuma yana da hoto guda ɗaya tak da ya ɗauka a gefen kan jirgin da ya fi daɗewa a kai, irin waɗanda anka sa wa sunayen koguna, ajin River, mai tsarin ƙafa 2-8-2, wato ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, ƙanana biyu a baya. Kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya fara ƙera su a 1948, an yi musu murhu mai faɗi don su ci kwal ɗin Inugu, kuma sun yi kyau har waɗanda anka yi wa Gabashin Afirka, aji na 29, a kan zanensu anka ɗora. Mu nan Sakkwato jirgi bai taɓa taka mu ba, layin ya tsaya Ƙaura Namoda tun 1929 bai ƙara gaba ba, don haka ni jirgin hayaƙi a bakin Kawu na san shi, sai wanga hoto da gefensa ya ci ruwa.

Babu kamfanin da na samu yana sayar da ƙaramin River a kwali, kun sani. Sai na yi abin da duk sabon shiga ke yi, na ce 2-8-2 ai 2-8-2 ne, na sa anka sayo mini na hannu daga Amurka, Mikado (haka suke kiran 2-8-2) na sikelin HO, wato wanda anka rage girmansa sau 87, da kuɗin kago zuwa Legas da na motar da ta kawo shi tasha ya tashi dubu 165. Har yau uwargida dubu sittin ta sani, don Allah kada wanda ya gyara mata lissafi. Ranar da ya iso na ɗora shi a kan layi ina ta washe baki, na je na kamo hannun Kawu na kawo shi ɗaki, ya sa tabarau ya duƙa ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Wanga ba jirginmu na ba, ɗana. Dibi ƙahwahunai, awa raƙumi. Namu gajere na, shina da ciki. Kuma mi ƙararrawa ka yi nan?" Ya juya ya fita abinsa.

Wallahi raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Ƙararrawa da famfon iskan birki da ke gefen tukunya ba su dame ni ba, waɗannan reza ce maganinsu, namu birkin bakiyum ne ba ruwansu da famfon nan. Ƙafafun ne sunka hana ni barci. Mikadon Amurka ƙafarsa inci 63 ce, ta River inci 48, wato kamu huɗu cif in an ɗauki kamu inci 12. A sikelin 1:87 ƙafar River ya kamata ta zo milimita 14, ni kuwa na aro abin awon wani makaniken unguwarmu na auna tawa ta ba ni 18.4. Milimita huɗu da ɗoriya a baki kamar ba komai ba, amma a ido shi ne bambancin doki da jaki. Ga kuma babbar matsalar da na yi ta kawar da kai a kanta: layin HO mai faɗin milimita 16.5 yana wakiltar babban layi ne mai faɗin milimita 1435, irin na Abuja zuwa Kaduna, shi ko tsohon layinmu kamu uku da inci shida ne, milimita 1067. Ka raba da 87 ka samu 12 da 'yan kai. Wato tun daga layin da na shimfiɗa na fara ƙarya.

Daga nan na shiga yawon da ya cinye mini watanni. Na farko na ce in tuge layin gaba ɗaya in sayo mai faɗin milimita 12, irin na ƙaramin sikelin da ake kira TT, sannan in nemo shasi mai ƙafa takwas 'yan milimita 14, da na tara kuɗin a takarda sai na ninke ta na sa a aljihu ban ƙara dubawa ba. Sai wani ɗan'uwa cikinku ya ba ni shawarar kan jirgin D51 na Japan tunda su ma layinsu 1067 ne kuma shi ma 2-8-2 ne, shawara mai kyau Allah ya saka, amma nasu ana yin sa a 1:80 ne, ƙafarsa ta gaske milimita 1400, fuskarsa kuma ko makaho ya shafa ya san ba ɗan Zariya ba ne, ga tsada kamar ka sayi babur na hannu. Har ƙoƙarin rage ƙafafun na yi, kada ku yi dariya, na kai wa wani mai injin dira a kasuwa ɗaya daga ciki, ya juya ta a tafin hannunsa ya ce Alhaji in na kama wagga da inji ko ƙurarta ba za ka gani ba. Allah ya sa ya ƙi.

Abin da ya warware shi kuwa kunya ma yake ba ni. Wani dare babu wuta, zafi ya hana kwanciya, ina zaune a tsakar gida ina danna kalkuleta a waya ba da wata niyya ba, sai na raba 1067 da 16.5 maimakon in raba da 87 kamar kullum. Ya ba ni 64 da ɗigo. Na tsaya. Na raba milimita 1219, wato inci 48, da 64, ya ba ni 19. Ƙafar da ke ɗakina 18.4 ce! Na miƙe tsaye har na ture butar alwala. Ashe ba ƙafar ce ta yi girma ba, jikin da ke kanta ne ya yi kaɗan. In na daina kallon abin a matsayin HO na ɗauke shi 1:64, layina ya zama daidai, ƙafafu sun zama daidai saura rabin milimita da wani abu, gangar jiki kawai zan jefar in gina sabuwa mai ƙiba. Daga baya na ga ashe mutanen Niyu Zilan da Ostireliya sun daɗe suna haka don su ma suna da layin 1067, har suna gare shi, Sn3½. Ni ina nan Mabera ina ganin na gano abin da ba a taɓa ganowa ba.

Ginin jikin da hoton Kawu na yi shi. Na kai anka faɗaɗa mini shi a shagon hoto, tunda na san ƙafa kamu huɗu ce sai ta zama rulata, da ita na auna kaurin tukunya da tsawon bututun hayaƙi da tsayin ɗakin direba. Hoton an ɗauke shi a ɗan karkace don haka ƙafar tsakiya kawai na amince da ita. Tukunya ta faɗo kusa da milimita 25, fayif ɗin wayarin na naira ɗari biyar ya zauna kamar don ita anka yi shi. Ta farko na bar ta a kan dashbod na shiga sallar Juma'a, watan Afrilu, na fito na tarar ta lanƙwashe kamar ayaba, kwana shida na aiki sun tafi. Wannan ta biyu ce. Ɗakin direba da tsoffin katunan ATM na yi shi, suna yankuwa sumul kuma sufa gulu na kama su, bututun hayaƙi kuwa murfin biro ne da na ci da sanfefa. Tazarar ƙafafun ta gaza abin da hoton ya nuna da kamar milimita huɗu daga ta farko zuwa ta ƙarshe, na gani, na sani, kuma na haƙura, wanda zai zo ɗakina da abin awo ya zo da nasa jirgin.

Da na ɗora sabon jikin sai ƙananan ƙafafun gaba sunka riƙa tsalle a kwana saboda nauyi ya koma baya, nan ma mako biyu. Dalmar da masu balansin taya ke maƙalawa a rim na karɓo wajen falkaneza, na daddatsa na cusa a gaban tukunya, shi ne jiya ya yi zagayen nan goma sha ɗaya.

Inda abin ya yi ciwo shi ne tasha. Ginin tashar da rumfar gyaɗa da 'yan mutanena su ashirin da uku duk a 1:87 na yi su, mutum bai kai santimita biyu ba, yanzu in jirgin ya tsaya a gabansu sai ka ce yara sun fito kallon giwa. Sai an sake su duka, mutum ya koma wajen milimita 26. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai motocin wasan yara na ƙarfe da ake zubewa a gwanjo yawancinsu kusan 1:64 ne, to aƙalla zan samu akori-kura ba tare da kago ba.

Kawu jiya ya sa na kashe fanka don ya ji ƙarar ƙafafun a kan mahaɗin layi. Ya ce, "Yanzu ka yi magana. Amma taragon kwal ɗin ga ya yi tsawo, kuma ina shebur?" Taragon kam na Amurkan ne har yanzu ban taɓa shi ba. Duk wanda ke da ƙafafun tarago masu milimita 12 zuwa 13 da ba ya amfani da su ya yi mini magana, guda takwas nake nema, ina da maƙalan haɗa tarago na Amurka da ƙararrawa ɗaya da zan bayar a canji.