Yadda na koyi Turancin labaran kutse da kotu

Jerin kalmomi ba ya zama a kaina. In na haddace su da daddare, kafin gari ya waye rabinsu sun gudu. Saboda haka da na ƙudurta koyon Turancin da ake rubuta labaran kwamfuta, tsaro da laifuka da shi, sai na ɗauki labari guda na bi shi tun daga tushe, ina tsintar kalmomin a inda suke aiki.

Labarin WannaCry na zaɓa, harin da ya ɓarke a watan Mayun 2017 ya shiga kwamfutoci a ƙasashe kusan 150. A Birtaniya har asibitoci suka riƙa soke ganin likita da tiyata. Manhajar takan kulle fayilolin da ke cikin kwamfuta, sannan ta nemi dala 300 a kuɗin Bitcoin kafin ta buɗe. Sunanta a jaridu "ransomware", kuma da na gane cewa "ransom" kuɗin fansa ne, "ware" kuma wutsiyar "software" ce, sai 'yan'uwanta suka biyo baya da kansu: "malware" muguwar manhaja, "spyware" mai leƙen asiri. Ɓangaren fasaha ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoratar da mutane, domin yawancin kalmominsa haɗe-haɗe ne. Wata ma tsohuwar sani ce. Microsoft ya fitar da "patch" tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su saka ba su ne harin ya ci. Wannan kuwa facin da muka sani ne, irin na tayar keke, sai dai a nan ɓarakar manhaja ake toshewa.

Inda na sha wuya shi ne da labarin ya koma hannun hukuma. A watan Disambar 2017 Amurka ta fito fili ta ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa, a watan Satumbar 2018 kuma ta tuhumi wani ɗan Koriya ta Arewa mai suna Park Jin Hyok. Kalmar da jaridu suka yi amfani da ita ita ce "charged", wadda ni a cajin waya kawai na san ta. A bakin lauyoyi tuhuma ce a hukumance, ba ta nufin an kama mutum, balle a ce an same shi da laifi. Daga nan na ware shafi guda na jera matakan bi da bi: "suspect" wanda ake zargi, "arrested" an kama shi, "charged" an tuhume shi, "convicted" kotu ta same shi da laifi, "sentenced" an yanke masa hukunci, "acquitted" an wanke shi. A ganina wannan shafin ya fi duk sauran daraja. Wanda ya rikita "malware" da "spyware" bai cuci kowa ba, amma wanda ya tsallake "alleged", wato "ana zargin", wajen ba wa mutane labari ya mayar da zargi gaskiya, ya ɓata sunan bawan Allah.

Na kuma daina rubuta kalma ita kaɗai, sai da abokin tafiyarta. Bature kaya yake "steal", mutum ko banki kuma "rob", kusan yadda muke bambanta sata da fashi. Shi kuwa "burglary" fasa gida ne ko shago. Jimlar da na ga kalmar a ciki nake kwafewa ɗungurungum, in karanta ta da ƙarfi.

Sauran darasin a cikin wayata na same shi. Na mayar da ita Turanci, na shiga sashen tsaro ina karanta kowane layi kafin in taɓa komai. Akwatin saƙonnin banza na imel ma ya zama min makaranta, don a can masu "phishing", wato 'yan damfarar da ke jefa ƙugiya su kamo kalmar sirri, suke baje kolinsu. Kalmominsu ba su da yawa: "urgent" gaggawa, "verify" tabbatar, "suspended" an dakatar. Nakan karanta, in kwafi jimlar a littafina, in goge saƙon ba tare da na latsa komai ba.