Ɗakin gashi: aikinmu da tsokar ɗan Adam

Kayan aikin ƙaramin ɗakin gashi irin namu, inda ake jinyar tsoka da gaɓoɓi, ba su da yawa: gado biyu, fitilar zafi, na'urar motsa tsoka da lantarki, firij na ƙanƙara, robobin ja, da buhunan yashi masu nauyin kilo 1 zuwa 5, sai lasisin hukumar MRTB, mai yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya. Sauran aikin sanin tsoka ne.

Tsoka iri uku ce a jiki. Akwai ta zuciya, akwai kuma mai santsi da ke bangon hanji, mafitsara, mahaifa da hanyoyin jini. Waɗannan biyu ba sa jiran umarnin mai su, hannunmu kuma ba ya kaiwa gare su. Shi ya sa wanda ya zo da ciwon ƙirji mai sauka hannun hagu, yana gumi, ba ma taɓa shi, asibiti muke tura shi nan take. Tsokar zuciya in ta mutu, tabo ne ke maye gurbinta.

Tamu ita ce ta uku, mai manne da ƙashi. Sun haura 600, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin mutum. Duk wanda ya yagi dafaffen nama ya ga yadda take: zaruruwa ne ɗaure dami-dami, kowane dami da siririyar fatarsa, ƙarshensu ya haɗu ya zama jijiya mai kama ƙashi. A cikin zaren akwai sinadarai biyu, aktin da mayosin. Da saƙo ya iso daga ƙwaƙwalwa sai su zame kan juna, tsokar ta gajarce. Ja kawai take yi, ba ta turi, don haka bibbiyu suke aiki, ta gaban dantse ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta baya ta miƙe ta.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗan ƙwallo ko ɗan dako da tsokar bayan cinyarsa ta yage, aka gasa ta da ruwan zafi aka murje da man zafi a ranar. Wurin yana zubar da jini ta ciki, zafi kuma buɗe hanyoyin jini yake, sai kumburi ya ninka. Kwana biyu zuwa uku na farko ƙanƙara ake sawa, a naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar. Bayan nan a fara motsi kaɗan-kaɗan, sannan roba, sannan yashi.

Kwanciya ma cin tsoka take. Ƙafar da ta yi mako shida a filasta, in an kwance ta za ka ga ta fi 'yar'uwarta siranta. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, in ba a miƙe masa gaɓoɓi kullum ba, tsokar gajarcewa take yi, yatsu su dunƙule. Saboda haka muke koya wa masu jinya motsin da hannunsu, su riƙa yi masa a gida safe da yamma, domin zuwa wajenmu sau biyu ko uku a mako ba ya isa.