Tsarki kafin zance: karɓar baƙo Musulmi a gidan mai bishara

Aikina wa'azin bishara ne, kuma yawancin abokan zamana Musulmi ne. Na lura kafin baƙo ya saurari bakina, ya riga ya duba ruwan gidana da inda na ajiye Littafi Mai Tsarki.

Akwai abu biyu da mu Kirista muke cakuɗawa. Najasa ƙazanta ce da ke taɓa jiki, tufa ko wuri, kamar fitsari, wanke ta ake yi. Hadasi kuwa rashin tsarki ne da ke hana salla, ba a ganinsa: ƙarami alwala ke kawar da shi, babba sai wanka. Mutum na iya fitowa fes yana ƙamshi alhali ba shi da alwala.

Wajen ruwa aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mai gida ya ɗiga sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti wai don tsafta, shi ke nan ya ɓata shi, domin ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canza ta haka ba ya alwala. Buta biyu nake ajiyewa da ruwa zalla, ɗaya a banɗaki, ɗaya a waje inda mutum zai tsuguna ya wanke fuska, hannaye zuwa gwiwar hannu, ya shafi kai, ya wanke ƙafafu zuwa idon sawu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta jero. Inda yaro ya yi fitsari, ba na dogara da bushewa, ruwa nake kwarara masa.

Kare kuma ba ya shiga ɗakin baƙi. Kwanon da ya lasa sau bakwai ake wankewa, mabiya mazhabar Shafi'iyya suna sa ƙasa a ɗaya daga ciki. Littafina ba ya taɓa ƙasa, don wanda ba ya ɗaukar Alƙur'ani sai da alwala zai auna darajar nawa da yadda na riƙe shi.

A zance ba na buɗewa da Markus 7, cewa abin da ke fitowa daga zuciya ne ke ƙazantar da mutum. A kunnen baƙo kamar raina alwalarsa ne, ga shi ya san tsarkin zuciya tun daga niyya. Gara Fitowa 30:17-21, inda firistoci ke wanke hannu da ƙafa kafin hidima, ko matar nan mai zubar jini shekara 12 da ta taɓa rigar Yesu ta warke a Markus 5. Nan tambayoyi suke fitowa da kansu. In lokacin salla ya yi, sai in tsayar da magana, in nuna masa alƙibla.