Daga Ƙofar Ruwa zuwa Kurmi: yadda nake haɗa kayan ƙera wuƙa

Ni ba ɗan gidan maƙera ba ne. Aikin ofis nake yi, ƙira kuwa sha'awa ce ta ja ni, ina taɓawa ranakun Asabar da Lahadi a wata 'yar rumfa bayan gida. Tun da abokai suka fara ganin wuƙaƙen da nake yi, tambayar da suka fi yi mini ita ce a ina nake samun kaya. Yawancinsu sun kalli bidiyon maƙeran Amurka a YouTube, sun ga injin wasi mai bel na inci 2 da 72, da tanderun lantarki mai nuna zafi, da ƙarfe fes da lambarsa a jiki, 1084 ko 1095. Da mutum ya buga lissafin dala da kuɗin dako sai jikinsa ya mutu, ya ɗauka abin ba na talaka ba ne.

Abin da na gani da idona shi ne kusan duk abin da ake bukata yana nan cikin Kano. Shago ɗaya dai ba zai haɗa maka su ba. Ƙarfen yana hannun masu kayan mota, gawayin yana hannun wasu, fatar tana wurin dukawa, injin da kake sha'awa kuma yana shagon mai walda, yana aikin ƙofa da taga. Kai ne za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma yawanci hayar hannun mai sana'a ta fi sayen injin sauƙi.

Ƙarfe shi ne tushe, a kansa na fi ɓata lokaci. Wuƙa ba ta riƙe kaifi sai ƙarfenta na da isasshen sinadarin kabon, wajen kashi 0.6 zuwa kashi 1 cikin 100. Shi ya sa rodin gini da falankin ƙarfen da ake yin ƙofa ba sa yi: za su daku, za su yi siffar wuƙa mai kyau, amma ko ka kwana kana ba su ruwa, wato ƙona su a tsoma a mai ko ruwa don su taurara, ba za su yi tauri ba. Abin da maƙeranmu suka daɗe da dogara a kansa shi ne sifirin ɗin mota, wato falankan nan da ke jere ƙarƙashin manyan motoci da a-kori-kura. Da yawa daga cikinsu ƙarfen da ake kira 5160 ne ko danginsa, kabon ɗinsa wajen kashi 0.6, da ɗan kuromiyom. Yana da juriya, ba ya saurin karyewa, ga shi yana haƙuri da ɗan koyo idan zafin wuta ya ɗan wuce ko ya ɗan gaza.

A kasuwar Ƙofar Ruwa nake sayensa. Idan ka je, kada ka ce kana neman 5160, ba wanda zai san me kake nufi. Ka ce sifirin kake so na ƙira. Akwai wani dattijo da nake saye a wurinsa, ranar farko ya dube ni ya ce, "Ɗana, wuƙa za ka yi ko gatari?" Na ce, "Wuƙa, Baba." Sai ya ture masu kaurin gefe, ya zaro wani siriri na ƙaramar mota, ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ƙwanƙwasa da sifana. Ƙarar ta yi tsawo, tas. Ya ɗauko wani ya buga, ƙarar ta mutu nan take, ya ce wannan akwai tsaga a cikinsa. Tun daga nan ba na sayen sifirin da ya karye a jikin mota, domin wanda ya karye a wuri ɗaya ya gaji ne, sauran jikinsa ma na iya ɗauke da tsagar da ido ba ya gani, sai ranar ban ruwa ta bayyana. Siririn kuma ya fi, saboda mai kaurin milimita 10 sai ka gama gajiya da duka kafin ya sauko kaurin wuƙa.

Akwai wasu ƙarafan da suka cancanci nema. Tsohon magagari na da kabon mai yawa, yana yin ƙaramar wuƙa mai kaifin gaske, sai dai wasu magagaran na yanzu masu arha bayansu kawai aka taurara, cikinsu laushi ne. Zoben boris babba shi ma ƙarfe ne mai daraja, galibi 52100, kabon kusan kashi 1, amma yana da taurin kai a ƙarƙashin guduma, ba na ba ɗan koyo shawarar farawa da shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa a ajiye zancensa, taurara shi na bukatar zafin da ya haura digiri 1000 a tanderun da ake iya aunawa, wutar gawayi ba za ta yi maka wannan daidai ba.

Kowane irin ƙarfe na saya, kafin in sa ƙarfina a kansa sai na gwada. Nakan biya wurin mai walda ya taɓa shi da giranda, in kalli tartsatsin: mai kabon yana fitar da tartsatsi mai rassa da yawa, yana fashewa a ƙarshe, marar kabon kuwa dogayen layuka ne kawai. Daga nan in yanki ɗan guntu, in ƙona shi ya yi ja, in tsoma a mai, in goga masa magagari. In magagarin ya zame bai ci ba, ƙarfen ya karɓi tauri. In kuma na dace da falanki mai kyau, nakan koma in kwashe 'yan uwansa na jeri ɗaya, domin sanin halin ƙarfe guda ya fi tara iri goma da ba ka san ko ɗaya ba.

Wata magana da ba zan tsallake ba. A intanet za ka ga ana cewa guntun layin dogo shi ne uwar maƙera, wato ƙarfen da ake duka a kansa, mafi sauƙi ga ɗan koyo. A nan ƙasar kada ka kusance shi, ko da ɗan gwangwan ya yi maka tayi da arha. Ƙarfen titin jirgi dukiyar gwamnati ce, ana kama mutane a kansa, kuma wanda ya kwance shi rayukan fasinjoji ya sa a haɗari. Ni kan babbar guduma na saya, mai nauyin kilo 5, na dasa shi a cikin kututture ya zauna daram. Faɗin fuskarsa ya ishi wuƙa.

Sauran kayan wuta ban sha wahalarsu ba. Awartaki da masaba wurin maƙeri na ba da aka ƙera mini, daidai hannuna. Murhun tubali ne da laka. Maimakon zugazugin fata, mai walda ya haɗa mini fanka da wilin keke, irin wadda maƙera da yawa suka koma amfani da ita, ana juyawa da hannu, babu ruwanka da wutar lantarki. Bututun da zai shiga wuta dai a tabbata baƙin ƙarfe ne, kada a sa farin fayif ɗin ruwa, domin abin da aka shafe shi da shi yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan ya ƙone. Gawayi kuwa na ƙirya nake nema, shi maƙera suka sani tun kaka da kakanni: nauyi gare shi, zafinsa mai ƙarfi, ba ya saurin zama toka. A hannu ake gane shi, in ka ɗaga buhun ka ji shi sakayau to ba shi ba ne. Ana farfasa shi ƙanana kafin a zuba.

Zuwa wurin maƙeri shi ne abin da ya fi yi mini amfani a duk wannan nema, kuma yana da ladabinsa. Ƙira sana'ar gado ce, tana da sarkinta, tarihin Kano ma da maƙeran gindin Dala ya fara. Mutumin da ya tashi a bakin wuta tun yana yaro ba ka zuwa masa da waya a hannu kana gaya masa abin da Bature ya ce. Na yi sallama, na gaishe shi, na ce masa koyo nake, na kuma fara da ba shi aiki na biya. Sai da muka saba ya bar ni in zauna in yi masa zuga ina kallo. A nan na ga yadda yake juya ƙarfe kafin ya huce, da yadda yake tsayawa da duka da zarar jan ya dushe. Lokacin zuwa ma abin lura ne: gab da Babbar Sallah maƙera ba su da sukunin kowa, aikin wuƙaƙen layya ya sha musu kai. Bayan Sallah ne za ka same su da sararin hira.

Gyaran siffa da fitar da baki da magagari nake yi, da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. A kasuwar Sabon Gari nake sayensu, kuma a nan ne kaɗai ba na neman arha, magagari mai kyau guda ya fi marasa kyau biyar. Yankan sifirin da huda ramukan ƙota kuwa mai walda ke yi mini, in auna in zana da alli, shi ya yanka. A tuna a huda ramukan kafin a taurara wuƙar, in ta yi tauri bakin injin huda ba zai shige ta ba. Wanda yake Kaduna ya nufi Panteka, duk irin wannan aikin akwai masu yinsa a can.

Ban ruwa shi ne inda wuƙa ke zama wuƙa, kayansa kuma ba su da tsada: mayen ƙarfe, gwangwani mai zurfi da murfinsa, da mai. Mayen ƙarfen daga tsohuwar sifika na ciro. Ƙarfe yana daina kama shi a wajen digiri 770, zafin da ake bukata kuma ya ɗan haura haka, kamar 820 zuwa 830, don haka da na ji ya daina kamawa sai in ƙara masa ɗan lokaci kaɗan a wuta. Da magariba nake yi, lokacin da ido ke ganin launin ƙarfe sosai. Kafin ranar nakan ƙona wuƙar ta kai wannan zafin in bar ta ta huce a iska, sau uku, don jikin ƙarfen ya daidaita bayan duka, kuma ina barin bakin da kaurin kamar milimita 1. Sifirin a mai ake tsoma shi, ruwa kan tsaga shi. Mutane da yawa baƙin man mota suke sawa saboda kyauta ne wurin bakanike, amma hayaƙinsa guba ne, ni man girki nake sawa, in ɗan ɗumama shi, kuma gwangwani ɗaya yana daɗewa ana maimaitawa. Murfin na kashe wuta ne in man ya kama.

Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri amma tana iya karyewa kamar kwalba, dole a sassauta ta a ranar. Tanderun gas na gida ya isa: digiri 200, awa biyu, ta huce, a sake. Ma'aunin zafi na saya wurin masu kayan yin kek, domin lambar da ke jikin tanderun ba abin dogaro ba ce. Wanda ba shi da tanderu sai ya goge wuƙar ta yi fari, ya ɗora gadon bayanta a kan ƙarfe mai zafi, ya zuba ido. Launi zai taso daga baya yana gangarowa, da bakin ya yi ruwan zuma sai a ɗauke. In ya kai shuɗi ya yi laushi da yawa.

Ƙota ba ta cin itace mai yawa. Guntayen maɗaci da kafintoci ke zubarwa a 'Yan Katako na Na'ibawa sun ishe ni, abin dubawa kawai ya zama busasshe ne, ɗanye yana motsewa ya bar gibi. Ƙirya da marke da kanya duk suna yi. Madobiya ta fi su kyan gani, amma an yi mata sara na fitar hankali ana kai wa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirrai, ta taƙaita cinikinsu daga 2017, saboda haka ba na sayen sabon yanka, sai in na samu a jikin tsohuwar kujera. Ƙahon sa kuma a Abbatuwa ake samu. Ƙusoshin riƙo sandar tagullar masu waldar gas ce nake yankawa, in haɗa da gam ɗin Araldite.

Kube a Kurmi ake ɗinka mini, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A nan akwai abin da ya kamata mai wuƙa ya sani. Manyan masana'antun fata irin na Challawa da Sharaɗa galibi da sinadarin kurom suke jima, irin wannan fatar kuwa tana sa ƙarfe tsatsa in wuƙa ta daɗe a ciki. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yinta, ita ce ta dace da kube. Don haka nakan ce wa baduku a fili jimar bagaruwa nake so, ƙirgin sa mai kauri a ciki, jar fatar akuya a bayansa don ado. Ina kai masa wuƙar kanta ya auna, in kuma roƙe shi ya sa tsiri na fata tsakanin ɗinkin don kada baki ya yanke zaren. Idan zan ratsa gari da ita, nakan naɗe ta a kwali in sa a ƙasan jaka tare da sauran kayan aiki. A garin da ake fama da 'yan daba, jami'in tsaro yana da hujjar tambayar duk wanda ya gani da wuƙa.

Gwajin ƙarshe mahaucin unguwarmu ke yi mini. Ina ba shi wuƙa ya yi aiki da ita kwana biyu, in dawo in ji. Shi ne ya ce ƙotar da nake gogewa sumul tana zamewa in hannu ya yi maiƙo, kuma wuƙar fiɗa tana son ciki mai lanƙwasa fiye da yadda nake yi. Yanzu a samfefa mai lamba 220 nake tsayawa a jikin ƙota, in shafa mata mai kaɗan, kuma falankin da na sayo makon jiya na riga na zana masa bakin da ya faɗa.