Ƙaramin jirgin Arctic: an rufe gangar jiki, saura wili da kwale-kwale

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon haɗa ƙananan jiragen ruwa. Ga inda aikin haɗa ƙaramin samfurin Arctic, jirgin tururin Amurka da ya nutse a 1854, ya kwana. Na gama jera katakon gangar jiki daga goshi har baya, na goge da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, na kuma shafa fentin farko don ramukan da suka rage su bayyana. Ma'aunin da na ɗauka ɗaya bisa ɗari ne. Jirgin ainihi tsawonsa ƙafa 284, wajen mita 87, don haka nawa ya tashi santimita 87. Wanda ɗakinsa bai da fili ya rage ma'aunin tun kafin ya yanka filawud.

Shawara guda ga waɗanda suka iso wurin jera katako: ku jiƙa siraran katakon a ruwan zafi, ku lanƙwasa su a jikin firam ɗin, ku kafe da fil, ku bar su su bushe a haka kafin ku sa gam. In an manna su da danshi, musamman yanzu da iskar hunturu ke kaɗawa, za su tsuke su bar tsaga tsakaninsu. Farin gam na kafintoci ya fi mini wanda ke kamawa nan take, domin yana ba mutum damar gyara zama.

Goshin Arctic ya zo da sauƙi. A miƙe yake tsaye, ba shi da doguwar sandar nan da ke fitowa gaba a jiragen zamaninsa. Haka aka ƙera shi da 'yan'uwansa uku, Atlantic da Pacific da Baltic, jiragen kamfanin Edward Collins na Amurka. An saka Arctic a ruwa a New York ranar 28 ga Janairun 1850, daga ma'aikatar William H. Brown. Jikinsa katako ne, girmansa tan 2,856, injin tururi ke juya manyan wili biyu a gefe da gefe. A lokacin kamfanin Cunard na Ingila ne ke riƙe da hanyar Liverpool zuwa Amurka, gwamnatin Amurka kuwa tana son nata jiragen su sha gaba. Ta ba Collins kwangilar ɗaukar wasiƙu a kan dala 385,000 a shekara, a 1852 ta ƙara zuwa 858,000. Abin da ake saye da kuɗin nan gudu ne da ƙawa: ɗakuna masu ɗumamar tururi, wurin aski, falo mai madubai. A Fabrairun 1852 Arctic ya ƙetare Atlantika daga New York zuwa Liverpool cikin kwana 9 da awa 17, sunansa ya cika gari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cikin jirgin. Mu masu wannan aiki, kafin mu jera katakon waje, sai mun kafa faifan filawud a tsaye a kan ƙashin bayan jirgi, ɗaya bayan ɗaya, su raba cikinsa gida-gida. Su ne ke ba shi siffa. To Arctic na gaske ba shi da bangon da ke tare ruwa a ciki ko ɗaya. In ruwa ya shiga ta goshi, ba abin da zai hana shi kaiwa ɗakin injin. Ina manna katakon ƙarshe a kan faifan nan ina tunanin cewa ƙaramin da ke kan teburina yana da abin da babban ya rasa.

Ya bar Liverpool ranar 20 ga Satumban 1854 da mutum fiye da 400, Kyaftin James Luce ne ke jan sa. Ranar 27 ga wata da tsakar rana, kimanin mil 50 daga Cape Race a gaɓar Newfoundland, yana tafe cikin hazo ba tare da ya rage gudu ba, sai ya yi karo da Vesta, wani ƙaramin jirgin Faransa mai farfela da ke mayar da masunta gida. Goshin Vesta ya ragargaje, har Luce ya ɗauka shi ne zai nutse, ya tura babban mataimakinsa Gourlay da kwale-kwale guda don kai agaji. Amma Vesta ƙarfe ne, kuma yana da bangon tare ruwa. Mutanensa suka tokare bangon da katifu da katako, suka zubar da kaya a teku, ya lallaɓa ya isa tashar St. John's a Newfoundland bayan kwana uku. Arctic, da ya ninka shi girma fiye da sau goma, shi ne ya sami huji a ɓangaren dama, ƙarƙashin ruwa, gaba da wili. Na sa alamar fensir a daidai wurin a jikin nawa. Ba zan huda ba, ina dai son in san inda yake.

Da Luce ya gane halin da ake ciki, ya juya ya nufi tudu da iya gudu, ya bar Gourlay da mutanensa a cikin hazo, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. An gwada toshe hujin da ƙyallen jirgi da katifu, bai yiwu ba. Gudun ma ƙara tura ruwa ciki ya yi, har ya kashe wutar tukwanen tururi. Injin ya tsaya, famfunan da ke aiki da tururi suka tsaya tare da shi. Bayan kamar awa huɗu da rabi da karon, jirgin ya nutse.

Wilin ne aikin da ke hannuna yanzu, kuma shi ne mafi wuya tun da na fara. Faɗin na ainihi ya haura ƙafa 35, wanda ya ba ni kusan santimita 11. Na yanka da'ira biyu-biyu daga kwali mai tauri, na yi ƙafafun da tsinken sakace, filafilan kuma da siririn katako. Sirrin shi ne a zana da'irar da rabe-rabenta a takarda tukuna, a ɗora leda a kai, a haɗa wilin bisa zanen, in ba haka ba tazarar filafilan ba za ta zo daidai ba, kuma ido na kama wannan nan da nan. Akwatin da ke rufe saman wilin zan lanƙwasa shi daga gwangwanin madara. Ku kula da akwatin nan, kada ku yi masa aikin gaggawa, yana cikin tarihin. Lokacin da jirgin ya nutse, Luce ya tafi ƙasa tare da shi riƙe da ɗansa Willie mai shekara 11. Sun taso sama, sai wani ɓangare na akwatin wilin ya ɓalle ya taso da ƙarfi, ya faɗo kan yaron ya kashe shi. A kan wannan katakon Luce da wasu mutane kaɗan suka hau, har bayan kwana biyu jirgin Cambria ya tsince su ya kai su Quebec.

Sai batun kwale-kwalen ceto. Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ba ni shawarar in jera su da yawa a gefe biyu don saman jirgin ya cika ido. Na gode masa, amma shida zan yi, domin shida ne Arctic ya ɗauka. Dokar lokacin ba ta nemi fiye da haka ba, kuma duka shidan ba za su ɗauki fiye da kimanin mutum 180 ba. Ɗaya ya riga ya tafi da Gourlay. Sauran, duk da umarnin kyaftin cewa a fara da mata da yara, ma'aikatan jirgi da maza masu ƙarfi ne suka rinjaye su. Ma'aikatan injin suka ɗauke guda suka tafi da guraben zama a ciki. Waɗanda aka bari suka shiga ɗaure katakai da ganguna. Waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, akasarinsu ma'aikata, kuma ba mace ko yaro ko ɗaya a cikinsu. Matar Collins kansa da 'yarsa da ɗansa suna cikin mamatan. Babu wanda aka gurfanar a gaban shari'a. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, kuma ina ganin in na ƙara kwale-kwale ko guda don ado, na yi wa mutanen nan ƙarya. Ina son mai kallo ya ƙirga da yatsa, ya dubi tsawon jirgin, ya yi lissafin da kansa.

Akwai kuma ƙaramar igwa da zan sa a saman jirgin, zan yi ta da guntun bututun biro. Wani matashi mai koyon aikin injin, Stewart Holland, shi aka sa ya riƙa harba igwar neman agaji. Bai nemi kwale-kwale ba, ya ci gaba da harbawa har ruwa ya ci jirgin da shi.

Labarin bai isa New York ba sai bayan kusan mako biyu. A Janairun 1856 Pacific ya bar Liverpool ya ɓace da duk mutanen cikinsa, a 1858 kuma kamfanin Collins ya rufe.

Abin da ya rage mini: in gama wili na biyu, in fenta gangar jiki baƙi, in kafa bututun hayaƙi guda ɗaya, baƙi mai jan kai. Kwale-kwalen Arctic na ƙarfe ne, kowanne a ma'aunina bai wuce tsawon yatsa ba, kuma ina shawara tsakanin in sassaƙa su daga katako mai laushi ko in matse takardar alminiyam a kan ƙirar da na sassaƙa. Wanda ya taɓa gwada ta biyun, don Allah ya faɗa mini yadda ya hana bakin kwale-kwalen lanƙwashewa wajen fenti.