Talata, hazo da tseren Dakar

Yau hazo ya rufe Kano ruf, sanyi har ƙashi, sai wajen tara na isa gareji. Aikin ma babu yawa, Boxer ɗaya na juye wa baƙin mai, na leƙa Ƙofar Ruwa na sayo filta na dawo, shikenan na haye benci na kunna tseren Dakar a waya, wanda duk Janairu sai ya cinye min data kuma wlh bana nadama.

Ina cikin kallo sai ga Baba direba maƙocinmu da kofin shayinsa, yace "kai ɗan nan me ka ƙura wa ido haka?" Nace Baba tseren sahara ne, babura da motoci har da manyan motoci. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa ya jima yana kallo, can yace ai ya san su, da idonsa ya gansu a Agadas lokacin yana ɗaukar kaya daga Kano ya bi ta Damagaram. Kuma gaskiyarsa ne, lokacin da wani Bafaranshe Thierry Sabine ya fara abin a ƙarshen 1978 daga Paris ake tashi a ratsa Aljeriya da Nijar da Mali a ƙare a Dakar, babban birnin Senegal. A 2008 aka soke saboda rashin tsaro a Muritaniya, aka kai shi Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi, sunan ne kawai ya rage na Dakar. Da na faɗa masa haka shiru yayi, yace "ashe sun bar mana hanyar."

Sai aka nuno wata babbar mota ta kafe a tudun yashi, direban na ta ba ta wuta tana ƙara nutsewa. Baba ya daka tsawa kamar suna jinsa, "ku rage iska mana!" Ko minti ba a yi ba mutanen suka diro suka durƙusa gindin tayoyin suna sace iskar, tsigar jikina sai da ta tashi. Yace in ka rage iska tayar sai ta baje ta hau kan yashi maimakon ta tona rami, sannan a haƙe gabanta da shebur a shimfiɗa faranti na ƙarfe, kuma yashin safe yafi tauri, da rana ta take sai ya saki kamar gari, shi yasa su a da tun duku-duku suke kama hanya. Mutumin da ko sunan Nasser Al-Attiyah, direban Qatar da ya sha lashe tseren, bai taɓa ji ba fa, amma duk abinda zasu yi sai ya riga su faɗa.

Na nuna masa waɗanda nafi so, masu babur ɗin da basu da makanike, akwati ɗaya ake ɗaukar musu, mutum ya wuni yana ɗaruruwan kilomita sannan da dare ya zauna da fitila a goshi yana canza taya da filtar iska da hannunsa. Baba yace waɗannan sune direbobi, ya matso ya gyara zama.

Shayinsa har ya huce bai kurɓa ba. Da aka kira la'asar ya miƙo min wayar yace gobe ƙarfe nawa suke tashi, nace Baba kazo kawai da safe. Yanzun nan na sa wata datar, wayar na caji.