Sakan goma turawa, sakan goma dawowa

Talata, da dare.

Yau sati 9 da yi mini aiki a gwiwar hagu, kuma yau aka fara ɗora ni kan injin da ake tura nauyi da ƙafa. Na shiga da zumuɗi, don kafin in ji ciwon nan kilo 80 nake turawa. Likitar gashin ƙashi ta saita shi a kilo 15. Ta ga fuskata ta canza, sai ta ce, "Malam, yau ba nauyi muke nema ba. Sakan 10 za ka yi kana turawa, sakan 10 kana dawowa, da ta hagun kaɗai."

Na farko da na biyu lafiya lau. A na uku cinyata ta kama rawa kamar mazari, gumi na gangaro mini ta bayan kunne. Akwai wani wuri, daidai inda gwiwa ta fi lanƙwashewa, da duk jikina ke son in fizga in wuce. Ta ɗora tafin hannunta a gwiwar tana ƙirga da ƙarfi. Sau biyu tana ce mini, "Saki numfashi," wai riƙe shi yana sa jini ya hau.

Da nake hutawa ta yi mini bayani. In mutum ya fizga, gudun ƙarfen ne ke ƙarasa masa tafiyar, tsoka ta samu hutu, gaɓa kuma ta sha jijjiga. A hankali kuwa, tsokar ce ke ɗauke da nauyin tun daga farko har ƙarshe. Ta ce wani Ken Hutchins ne ya tsara salon a 1982, a wani bincike kan tsofaffin mata masu raunin ƙashi a Jami'ar Florida ta Amurka. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Dawowar ce ta fi ba ni wuya. Sau 6 na yi, minti 2 ke nan cif, na sauko ƙafar kamar ba tawa ba. Sai yau na gane cewa duk makonnin nan ta dama ce ke rufa wa ta hagu asiri.

Ta ce in bar tsokar ta huta kwana biyu, sai Juma'a. Da na zo fita, a matakala ta ƙarshe na bar nauyina a kan ta hagu, na sauko ina ƙirga a zuci. Na kai huɗu kafin in dafa bango.